Aikin malamin zaɓe ga ɗan bautar ƙasa: in cike ko in haƙura?

Kofan Ede: Assalamu alaikum. Ina bautar ƙasa a jihar Osun, wata biyar ke nan da fitowarmu daga sansanin Ede, ina koyarwa a wata sakandare. Ana ta maganar ɗaukar ma'aikatan wucin gadi na zaɓen gwamna, rabin 'yan rukuninmu sun ce za su cike. Ni abu uku ke damuna. Ba na jin Yarabanci sai gaisuwa. Asabar ce ranar da nake zuwa koyon haɗa sola a Osogbo, na riga na biya kuɗin wata shida. Sannan Baba bai so, har yau kisan masu bautar ƙasa da aka yi a rikicin bayan zaɓen 2011 yana ransa, sai dai bai ce ya hana ni ba. Shin dole ne? Kuma aikin yana da amfani wajen neman aiki nan gaba, ko wahala ce kawai?

Ɗan Fagge: Cike kawai ɗan'uwa. Ai a unguwarku za a sa ka, kowa ya san ka, wa zai taɓa ka?

Maman Ilham: Ɗan Fagge ka karanta kuwa? Yaro ya ce yana Osun.

Malam Mai Horo: Wa alaikumus salam. Ba dole ba ne, kai za ka shiga INECPRES, shafin da hukumar zaɓe ta INEC ke ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ka cike da hannunka, wanda bai cike ba ba a tura shi. Sharaɗi: kada ka zama ɗan wata jam'iyya, kuma kana zaune a jihar da ka zaɓa. Rumfa mutum huɗu ke riƙe ta. Akwai shugaban rumfa, wato PO, galibi ɗan bautar ƙasa ake ba, da mataimaka uku. Na ɗaya shi ke riƙe BVAS, wato na'urar tantance masu zaɓe, yana tantance yatsa ko fuska, na biyu yana duba suna a rajista ya shafa tawada a farce, na uku yana kula da layi. Horo kwana uku ne. Daren Juma'a a cibiyar mazaɓa ake kwana, yawanci firamare ce, can ake raba kaya da asuba. Ana buɗe rumfa ƙarfe 8:30, a rufe layi 2:30, amma duk wanda ke kan layi kafin lokacin sai ya yi zaɓe ko da za a kai dare. Kafin ƙuri'ar farko ka ɗaga akwati kowa ya ga babu komai ciki, ka nuna wa wakilan jam'iyyu BVAS tana kan sifili. Kowace takardar ƙuri'a sai ka buga mata hatimi a baya, ka sa hannu da kwanan wata kafin ka miƙa. Kada ka ce za ka buga wa ɗari a gaba don sauri, in suka rage a hannunka kai za a tambaya.

Na Sabon Gari: Nawa ake biya? Wannan ce tambayar, sauran duk labari ne.

Malam Mai Horo: A 2019 naira 4,500 ne na horo, sannan 13,000 a kowane zaɓe, zaɓe biyu ya kama 30,500. Na yanzu sai abin da aka sanar.

Na Sabon Gari: Ba haka ba ne Malam. Maƙocina ya yi, sama da dubu arba'in ya ce ya samu.

Hajiyar Lissafi: Maƙocinka ko dai mai kula da rumfuna ya yi, su kuɗinsu daban ne, ko ya haɗa da zagaye na biyu. Ko kuma ya haɗa da abin da bai kamata ya karɓa ba, Allah ya sani.

Ɗan Fagge: Dubu tara aka ba ƙanen abokina, wallahi.

Hajiyar Lissafi: Wannan ladan aikin ne zalla, ba a haɗa da na abinci da mota ba. Kowa na faɗin ɓangaren da ya gani. Abin da ke maƙale kuɗin mutane kuwa uku ne: lambar asusu da aka yi kuskure, sunan asusu da bai dace da na rajista ba, da wanda ya shiga gurbin wani da safe ba a rubuta sunansa a takardar halarta ba. Ka tabbata ka sa hannu a takardar halarta kowace rana ta horo da ranar zaɓe, ka ɗauki hotonta a waya.

Abu Sadik: Kuna ta lissafin dubu goma sha uku. Bari in ba ku labarin ƙanen matata, yaro mai natsuwa, ya karanta kimiyyar haɗa magunguna. Shugaban rumfa aka ba shi a wani ƙauye. Komai lafiya har aka gama ƙirga, magariba ta yi, ba wuta, da fitilar waya yake cike EC8A, wato takardar sakamakon rumfa, wakilai sun yi masa rumfa a kai kowa na ihu. Ya rubuta wa wata jam'iyya 116 a maimakon 161. Ya gane, ya goge da biro ya gyara a kai, bai sa hannu a gefen gyaran ba, kuma wajen rubuta adadin da kalmomi ya bar na farkon. Direban da ya kawo su ya ga dare ya yi ya gudu, a kan babur ya kai akwati wurin tattara sakamako, ya rungume shi kamar jariri. Ya gama hidima ya dawo gida, ya samu aiki a wani kantin magani. Kwatsam sai ga sammaci daga kotun ƙararrakin zaɓe. Lauya ya ɗaga takardar nan a gaban jama'a yana tambayarsa nawa aka biya shi ya canza lamba. Sau uku yana tafiyar yini guda, biyu daga ciki aka ɗage zaman. Mai kantin ya gaji ya ɗauki wani. Ba a kama shi da laifin komai ba, amma aikin ya tafi, kuma har yau a gari akwai masu ce masa mai gyaran lamba. Mahaifinka ya fi ka gaskiya, yaro.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya musanya masa da mafi alheri.

Barista Ƙarami: Abin tausayi ne, amma a lura da inda aka samu matsala. Ba a goge lamba a takardar sakamako. Layi ɗaya ake ja a kai yadda tsohuwar za ta karantu, a rubuta sabuwa, a sa hannu a gefe, wakilai su shaida. Kuma kada alƙalami ya taɓa EC8A sai an gama lissafi a farar takarda. Ƙuri'u masu kyau a haɗa da waɗanda aka ƙi, jimillar kada ta wuce adadin da BVAS ta tantance, in ta wuce aringizo ne, dokar zaɓe ta 2022 ta ce a soke sakamakon rumfar. Mutane na rikita wadda ta lalace da wadda aka ƙi. Ta farko ita ce ta yage ko ta ɓaci tun ba ta shiga akwati ba aka canza wa mai ita, ta biyu ta shiga akwati amma an dangwala wuri biyu ko ba a dangwala ba. Gurbinsu daban a fom. Wakili in ya ƙi sa hannu ka bar shi, ƙinsa ba ya ɓata sakamako. Ka ba kowa kwafinsa, ka ba ɗan sanda, ka manna na bango, ka ɗauki hoton takardar da BVAS kafin ka bar wurin. Ƙara kwana 21 ake da shi a shigar, kotu kuma kwana 180, don haka ka adana hotunanka aƙalla shekara.

Abu Sadik: Barista, a ofis mai fanka kake faɗin wannan. Ka taɓa riƙe biro mutum hamsin na huci a wuyanka?

Barista Ƙarami: Ban taɓa ba Yaya, amma takardun da suka fito daga irin wurin su muke karantawa layi-layi. Kuma ba ƙananan yara kaɗai doka ke bi ba, a 2021 kotu a Akwa Ibom ta ɗaure farfesa sukutum shekara uku kan sauya sakamakon 2019.

Na Sabon Gari: Farfesa ma ya sha, ina ga kofa mai kaki ɗaya da takalmin da ya fi ƙafarsa.

Ɗan Fagge: Ni dai abin da na sani sauron cibiyar mazaɓa ba ya bin jam'iyya, kowa yake ci.

Malam Mai Horo: Wasa wasa, maganar Ɗan Fagge gaskiya ce. Tabarma, maganin sauro na shafawa, fitila mai caji, fawa banki, biro biyu, ƙaramin kalkuleta, ruwa da abin taɓawa, da kuɗi a hannu. A 2023 ƙarancin takardun naira ya sa wasu ko ruwan leda sun kasa saye. A 2019 kuma mutane na kwance a cibiyoyi aka ɗage zaɓen da tsakar dare, daga 16 ga Fabrairu zuwa 23. Ka karɓi lambar mai kula da rumfunanku da ta mai gyaran BVAS tun daren Juma'a. Kuma kada ka ci abincin ɗan siyasa, ko lemo ne. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Injiniya Sola: Kowa ya manta da solar yaron. Asabar biyu ko uku ba za su kashe koyo ba in ka gaya wa maigidanka da wuri, ka roƙa ya tafi da kai aikin gida a madadinsu. A wurin aiki ake koyon auna lodi, zaɓen kaurin waya da jeren batura, ba a shago ba. Amma in zaɓi ɗaya ne, riƙe sola. Nawa ka biya?

Kofan Ede: Dubu tamanin, Injiniya.

Na Sabon Gari: An yanke ka. A Kano dubu talatin ma an koya maka.

Injiniya Sola: Dubu talatin na kallo ne, ka yi wata shida kana ɗaukar tsani. Inda ake barinka ka haɗa inbata da hannunka ya fi dubu ɗari.

Anti Ma'aikata: A kan tambayarsa ta biyu. Masu tace takardun neman aiki ba sa ɗaukar mutum don ya yi aikin zaɓe na kwana ɗaya. Inda yake amfani shi ne wajen ganawa, in aka ce ba mu misalin lokacin da ka shugabanci mutane cikin matsi. Wanda ya riƙe ma'aikata uku da masu zaɓe ɗari biyar ya kawo lissafi daidai yana da abin faɗa. Ƙungiyoyin sa ido kan zaɓe da masu aikin tattara bayanai a karkara su ma suna dubawa. A rubuta shi layi ɗaya da adadi, ba shafi guda ba. Sai dai ka sani, ranar ba za ka yi zaɓe ba, don ba a rumfar da ka yi rajista za ka tsaya ba.

Baba Tsohon Hedimasta: 'Ya'yana, in duk mai hankali ya ce ba zai tsaya a rumfa ba, wa kuke so ya tsaya? Gowon bai kafa tsarin bautar ƙasa a 1973 don alawus ba. Amma maganar uba ba a tsallake ta. Abin da ya faru a Bauchi a 2011 ba ƙarya ba ne, an kashe 'yan hidima, iyaye ba su manta ba. Ka kira shi ka yi masa bayani, in ya ce a'a ka bari.

Abu Sadik: Baba da girmanka, 'ya'yan masu takarar suna ina ranar? Ɗan talaka ne kullum ke rungumar akwati.

Maman Ilham: Anti ta taɓo inda ke mini ciwo. Shekarar hidimar ma gaba ɗaya ba sa lissafa ta. Yaro ya gama, a ce ana son gogewar shekara uku, kuma kada ya wuce shekara 26. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. A ina zai samo?

Hajiyar Lissafi: Ga masu makarantun kuɗi da ke cika azuzuwa da 'yan hidima don kada su ɗauki malami. Darasi ashirin da biyar a mako, a ce ai gwamnati na ba ka 77,000. Ranar tafiya ko takardar shaidar aiki sai ka yi ta sintiri.

Anti Ma'aikata: Ita wannan tun saura wata biyu ake nemanta, a kan takarda mai tambarin makaranta, a rubuta darussan da ka koyar da azuzuwan. In ka bari ka karɓi ta sallama, ba mai sake ɗaga wayarka.

Na Sabon Gari: Takarda ko ba takarda, gurbi sayar da shi ake yi. An ce wa wani miliyan biyu.

Ɗan Fagge: Miliyan biyu tsohon farashi ne.

Kofan Ede: Na gode ƙwarai. Zan kira Baba daren nan. Amma har yanzu ba wanda ya ce komai kan Yarabancin. In tsohuwa ta zo BVAS ta ƙi karɓar yatsanta da fuskarta, da wane baki zan ce mata ba za ta yi zaɓe ba?

Na Sabon Gari: Injiniya, batir na lithium mai kilowat biyar nawa yake yanzu?