Muhawara a Zaure: Wai da Chaucer Adabin Ingilishi Ya Fara?

Bashir: Salamu alaikum jama'a. Wanda zai ji haushi ya ji: adabin Ingilishi da Chaucer, marubucin Canterbury Tales, ya fara, a ƙarni na 14. Abin da aka riƙa ɗura mana da sunan Tsohon Ingilishi, su waƙar Beowulf, wani harshe ne daban aka laƙaba masa sunan. Ku kamo Bature haifaffen Landan ku buɗe masa shafin farko, in ya gane ɗango biyu a jere ku zo ku karɓi goro. Labarin ma ba a Ingila ya faru ba. Sarkin da dodo ya addaba na Denmak ne, jarumin kuma daga kudancin Suwidin ya taso.

Zainab: Wa alaikumus salam. Bashir, har yau ciwon jarrabawar aji biyu bai sake ka ba ke nan 😂

Malam Habu: Ku bar shi, tambayarsa tana da ƙafa. Amma Bashir, hujjarka ta biyu ba ta da ƙwari. Bayajida daga Bagadaza aka ce ya fito, wa ya taɓa cewa labarinsa na mutanen Iraki ne? Kabilun da suka haifi Ingilishi, wato Angil da Sakson da Jut, daga arewacin Jamus da Denmak suka ƙetaro a ƙarni na 5, da labaran kakanninsu a baki. In kuma wurin da labari ya faru ne ma'auni, sai mu miƙa wa Denmak Hamlet na Shakespeare ma.

Bashir: Allah ya gafarta Malam, na bar hujjar wurin da labarin ya faru. Ta harshen fa? Kuma ba ni na fara ba. Thorkelin, wanda ya fara buga Beowulf a Kofanhagan a 1815, a kan bangon littafin ya kira ta waƙar Denmak.

Rabi: Shi kuɗin sarkin Denmak ya ci, me kake so ya ce?

Aminu: Ni fa rabina yana wajen Bashir. Ku duba tarihin takardar. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, an rubuta shi wajejen shekarar 1000, ɗango 3182. Ya yi ɗaruruwan shekaru ba mai karanta shi. A 1731 gobara ta kama ɗakin da aka ajiye ta cikin littattafan da Robert Cotton ya tara a Landan, gefen shafukan ya babbake, bayan nan haruffa suka yi ta marmashewa suna zubewa, har sai da aka ɗaure kowane shafi a cikin firam na takarda a ƙarni na 19. Chaucer bai karanta ta ba. Shakespeare bai san da ita ba. Milton haka. To waƙar da ba ta shayar da kowa ba, ta yaya za a ce ita ce uwa?

Malam Habu: Yauwa, Aminu, yanzu aka zo wurin. Gaskiya ne, Beowulf ba ta haifi kowa ba. Kuskuren manhajarmu shi ne ta sa ku ɗauka duk Tsohon Ingilishi waƙa ɗaya ce. Ku koma baya. Bede, wani sufi masanin tarihi, ya gama tarihinsa na cocin Ingila a 731, a ciki ya kawo labarin Cædmon, mai kula da dabbobi a gidan ibada na Whitby zamanin shugabarsa Hild. In ana walima aka fara zagayawa da molo kowa ya yi waƙa, da ya ga ya kusa zuwa kansa sai ya sulale don kunya. Wani dare ya tafi ya kwanta wajen shanu, aka ce masa a mafarki ya yi waƙa, ya ce bai iya ba, aka ce ya waƙe farkon halitta. Ya tashi da ɗango tara. Bede da Latin ya rubuta, masu kwafa ne suka riƙa ƙara asalin waƙar da harshen gida a gefen shafi ko ƙarshen littafi. Sannan Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya koka cewa masu fahimtar Latin sun yi ƙaranci, ya sa aka fassara littattafai zuwa harshen da mutane ke ji. A zamaninsa aka fara kundin tarihin Ingila na shekara-shekara, wato Anglo-Saxon Chronicle. Su da bakinsu Ingilishi suke kiran harshen, ba mu muka laƙaba masa ba.

Bashir: Duk na ji. Sai 1066 ta zo, William na Nomandi ya ci yaƙin Hastings, fada ta koma Faransanci, coci da Latin. An yanke igiyar. Abin da ya tsiro bayan shekara 300 sabon abu ne, cike da kalmomin Faransa.

Zainab: Yaya Bashir, an yanke a ina? Sufayen Peterborough sun ci gaba da rubuta kundin nan da Ingilishi har 1154, shekara 88 bayan yaƙin. Ni abin da ya fi burge ni a duk kwas ɗin ke nan, don a shafukan ƙarshe kana ganin harshen yana sauya kama a gabanka, ɗafe-ɗafen ƙarshen kalmomi suna kakkaɓewa, jimla tana miƙewa irin ta yau. Wajejen 1200 Layamon ya yi Brut, ya kawo labarin Sarki Arthur da Ingilishi. Ga Ancrene Wisse, littafin nasiha ga mata masu kaɗaita don ibada. Manya ne suka bar harshen, ba alƙalami ba.

Rabi: Kuma ku ƙara da wannan. Tsohuwar waƙa ba ta da amsa-amo. Ana raba ɗango biyu, a ɗinke shi da maimaita sauti ɗaya a farkon kalmomi. A zamanin Chaucer ɗin kansa Langland da wannan salon ya yi Piers Plowman, haka wanda ya yi waƙar Sir Gawain a arewa maso yammacin Ingila. Chaucer ya san da salon sarai, har ya yi masa shaguɓe: limamin ƙauyen da ke Canterbury Tales ya ce shi mutumin kudu ne, bai iya "rum, ram, ruf" ba. Ba a yi wa matacce ba'a.

Aminu: Wannan ta shiga 😅

Bashir: Ta shiga amma ta tabbatar da maganata. Wa ya yi nasara? Bayan Langland wa ya gaji salon? Kusan kowa karin Chaucer da amsa-amonsa ya bi. Shi ya sa marubucin waƙa Dryden a 1700 ya kira shi uban waƙar Ingilishi.

Malam Habu: Nasarar ba ta baiwa kaɗai ba ce, har da sa'ar gari. Chaucer ɗan Landan ne, ma'aikacin kwastan, ɗan aiken sarki, ya je Italiya a 1372 ya dawo da tasirin Dante da Boccaccio. Ya rasu a 1400. A 1476 Caxton ya kafa injin buga littafi a Westminster, Canterbury Tales na cikin abubuwan farko da ya buga. Sir Gawain kuwa kwafi ɗaya ya rage, ba a buga shi ba sai 1839. Da injin a arewa aka kafa shi, wataƙila da wani uban ake kira yau. Kuma wannan yanka na Tsoho, Tsakiya, Zamani, masanan ƙarni na 19 ne suka tsara shi don sauƙin koyarwa. Ba wanda ya kwana yana jin Tsohon Ingilishi ya wayi gari da na Tsakiya.

Bashir: Malam, ni dai ma'aunina bai sauya ba. Abin da sai an fassara wa mai harshen kafin ya gane, kamar yadda marubucin waƙa Heaney ya yi wa Beowulf a 1999, a kai shi sashen nazarin harsuna.

Zainab: To shi ke nan, mu gwada ma'aunin naka. Jimlar farko ta Canterbury Tales ɗango 18 ce. Ka karanta mana ita a saƙon murya, ka fassara, ban da leƙa bayanin ƙasan shafi. In ka tsaya ko sau ɗaya, shi ma Chaucer ɗin mun kai shi sashen harsuna.

Bashir: Datata ta kusa ƙarewa.

Rabi: Turo lambarka, ni zan saka maka.