"Da ɗan gari akan ci gari": ta dace da wanda zai je Zanzibar shi kaɗai?

Bazazzagi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani matashi zai je tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya shi kaɗai, aka yi masa nasiha da cewa "da ɗan gari akan ci gari", wato ya samu wani a can ya riƙe masa hannu, tunda mutanen wurin an san su da fara'a. Ni dai ina ganin an ajiye karin maganar a inda ba muhallinta ba. Malamai, me kuka gani?

Malam Na-Zaure: Wa alaikumus salam. Asalinta maganar yaƙi ce. Gari mai ganuwa irin Kano ko Katsina ba a cinsa da ƙarfin dawaki kaɗai, sai an samu na ciki wanda ya san ƙofar da tsaronta ke da rauni, ko ya zare sakata da dare. Ɗan garin da ke cikin maganar maci amana ne. Shi ya sa in ɓarawo ya shiga gida ya zarce ɗakin da kuɗi suke bai yi lalube ba, sai a ce da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya ba matafiyi ita a matsayin nasiha ya juya ta.

Ɗan Koli: Allah gafarta Malam, asali daban, amfani daban. Yau wanda zai fara sari a Kantin Kwari ko ɗan siyasar da zai shiga mazaɓar da ba tasa ba, da wannan maganar ake ce masa ya nemi na gida. Kuma a Zanzibar ba makawa sai da ɗan gari. Lungunan tsohon birni, Stone Town, mota ba ta shiga yawancinsu, taswirar waya kuma tana rikicewa tsakanin dogayen gine-gine. Abin tambaya shi ne wane ɗan garin. Wanda ya tare ka a bakin tashar jirgin ruwa yana "ɗan'uwa, ɗan'uwa" yana jan jakarka, a wajensa kai ne garin da za a ci. Mutanen can da kansu suna kiran irinsu papasi, wato kaska. Ba fashi suke yi ba, la'ada suke nema: ya kai ka masauki ko shagon kayan ƙamshi, mai wurin ya ɗora kasonsa a kan kuɗin da za ka biya. Zai ce maka masaukin da ka kama ya cika ko an rufe shi. Ka kira masaukin a gabansa, magana ta ƙare.

Tun daga Dar es Salaam, birnin bakin teku da ake tashi zuwa Zanzibar, abin ke farawa. Jirgin ruwa mai sauri yana yin kusan awa biyu zuwa tsibirin. Tikiti a ofishin kamfanin jirgin ake saye, da fasfo, sunanka ya fito a jiki. Duk wanda ya ce ka ba shi fasfo da kuɗi ya shiga ya yanko maka, ka yi masa godiya ka wuce.

Uwar Ɗaki: Ɗan Koli, kada mu sa yaron nan ya je yana harare-harare. Mu ne fa muke cewa "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma". Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, sallama tana buɗe ƙofa, kuma dattawan da ke zaune a dakali suna shan gahawa za su kwatanta maka hanya ba su nemi sisi ba. Ma'aunin da ya fi sauƙi: wa ya fara zuwa wajen wa? Wanda kai ka je ka same shi a kan sana'arsa, mai shago, mai shayi, matar da ke sayar da kifi a kasuwar Darajani, gobe ma nan za ka same shi, don haka yana tsoron ɓata sunansa. Wanda shi ya biyo ka a bakin teku ba ka san inda za ka neme shi ba.

In an gayyace ka gida, ba laifi ba ne ka je. Ka je da rana, ka bar wa mai masaukinka sunan mutumin da lambarsa da unguwar, ka riƙe ɗan tsaraba kamar dabino ko sukari, fasfo kuma ya zauna a ma'ajiyar masauki, hotonsa ya isa yawo. In mace ce, ta nemi matan gidan su fito tun a ƙofa.

Malam Na-Zaure: Hajiya, shimfiɗar fuska horo ne ga mai masauki, ana ce masa ya saki fuska. Ba a yi ta don a ce wa baƙo duk mai sakin fuska amintacce ne ba. Su ma masu neman la'ada da sallama suke farawa, sun san tana kashe wa Musulmi jiki.

Sarkin Ruwa: Ku bar ni in raba muku gardamar da teku, don nan ne kuskure ke cin rai, sauran duk kuɗi ne. Akwai abin da dole baƙo ya yarda da ɗan gari a kansa ido rufe. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa ya bar fili mai nisan da ya kai kilomita a wasu wurare. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a kwana guda, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. In wata ya tsaya ko ya cika, janyewar ta fi nisa, dawowar ta fi sauri. Baƙo sai ya taka har can gaba yana kallon kifaye, bai san ruwan ba ta gabansa kaɗai yake dawowa ba: kwaruruwan da ke bayansa yake fara cikawa. Matan da ke noman ciyawar teku a wurin su ne agogonka. In ka ga sun ɗaura kayansu sun nufo tudu, ka biyo su. In masunci ya ce kada ka taka nan, kada ka taka, akwai halittu masu ƙaya da ke karyewa cikin tafin ƙafa, shi ya sa ake shiga da takalmin roba. A wannan fannin "baƙo makaho ne ko da yana da ido".

Amma mai kwalekwalen da zai kai ka tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke, ko tudun yashin Nakupenda, shi ba a yarda da bakinsa, ana duba jirginsa. Ka ƙirga rigunan ceto da idonka, su kai yawan mutanen da za su shiga, ka gwada taka ka ga igiyoyinta ba su tsinke ba. Ka ga jarkar man da zai dawo da ku. Ka tabbatar yana da waya mai caji. Kuɗi rabi a tafiya, rabi in an sauke ka a tudu, domin Nakupenda ruwa yana rufe shi in ya cika, ba wurin da za a manta da mutum ba ne. Daga wajen Yuni zuwa Satumba iskar kudu tana tayar da teku, fitar safe ta fi ta yamma. In lodi ya yi yawa ka sauka, ko da ka biya. Jirgin Spice Islander da ya nutse tsakanin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba a Satumbar 2011 lodi ne ya yi masa yawa, kuma waɗanda ke ciki galibinsu 'yan gari ne. Sabo da teku yana sa mutum ya raina abin da bai kamata ya raina ba.

Ɗan Koli: Ga wani wurin da ɗan gari ba zai yi maka komai ba, komai kirkinsa. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an amince, kuma tana ɗaukar makonni. Tun 1 ga Oktoba 2024 baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin, dala 44, ta intanet. Ga katin rigakafin shawara. Wanda ya ce ka taho kawai yana da mutum a ciki, ba shi za a mayar gida ba. Canji kuma a banki ko shagon canji mai lasisi. Takardar kuɗinsu mafi girma ta shilin 10,000 ce, don haka dala ɗari ma damƙa ce guda, a nan mai canjin titi ke zare biyu ko uku yana ƙirgawa yana yi maka hira. A kasuwar dare ta Forodhani ka tambayi kuɗin kowane tsinke kafin a ɗora a wuta, ka zaɓi wanda ake gasawa ɗanye a gabanka.

Bazazzagi: To Malam, ka sauko ko kana nan?

Malam Na-Zaure: Ina nan. Duk abin da suka lissafa, ɗan gari ne ke taimakon baƙo a kan teku ko hanya, ba a ci garin kowa ba. In ana son a yi amfani da ita haka, a yi, harshe na masu shi ne, amma ɗalibina ya rubuta min wannan ma'anar a jarrabawa rabin maki zai samu.

Uwar Ɗaki: Rabin ma an gode, Malam. Bazazzagi, ka ƙara wa yaron wannan, don kada ya zargi mutumin kirki da saɓa alkawari. Masu Swahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, tazarar awa shida ce da agogon da muka saba. Direba ya ce zai zo ƙarfe biyu na safe, ƙarfe takwas yake nufi. Ƙarfe ɗayansu bakwai ce. Duk alkawarin mota ko kwalekwale, ya sa mutumin ya rubuta masa lokacin da lambobi yadda agogon waya ke nunawa, musamman ranar da zai kama jirgin komawa.