Sandhi ya hana ni karanta Sanskrit

Assalamu alaikum. Na yi harshen Sanskrit a sakandare a Indiya, na ajiye shi shekara 15, yanzu na dawo. Rubutun Devanagari bai gagare ni ba, sigogin suna guda takwas ma na sake haddace su. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sandhi, wato narkewar kalmomi cikin juna. Haɗawa ina iyawa: kalmar "na" da kalmar "asti" su ba da "nāsti". Rabawa ce aiki. Jiya rabin awa na ɓata ina neman ityuktvā a ƙamus, babu ita, ashe iti ce da uktvā. Na kwafe ƙa'idojin har sau biyu, amma da na buɗe baiti sai komai ya cakuɗe.

Don Allah, wace dabara kuke bi ku gane gaɓar da za a yanka kalma kafin a duba ƙamus?