Karamel ɗina yana dunƙulewa da zarar na zuba madara

Assalamu alaikum. Don Allah masana girki ku taimaka min. Ina son haɗa abin sha mai sanyi na madara da karamel (wato sukarin da aka narkar a wuta) mai ɗan gishiri, irin na bayan cin abinci, amma ba giya a ciki.

Sukarin yana narkewa lafiya lau har ya yi ja. Ina zuba madarar gwangwani sai ya taso da tururi, ya dunƙule kamar alawa. In na mayar wuta don ya narke, ɗaci ya fito. Wanda ya yi kyau ma, yana haɗuwa da ƙanƙara a blenda yake mannewa a ƙasa.

Madarar zan fara ɗumamawa, ko bota zan sa tukuna? Kuma gishiri nawa ya dace da kofi 1 na sukari? Baƙi nake jira ranar Asabar.