Maikuro-RNA da ciwon sukarin goyon ciki: gwaji ne ko har yanzu bincike?

Mai_neman_sani:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan maikuro-RNA ce, wato miRNA, da ciwon sukarin da ke taso wa mace lokacin goyon ciki. Takardun bincike da dama na cewa ana iya hango cutar tun ciki yana ƙarami idan aka auna su a jini. Sai dai wannan takarda ta ce ɗaya daga cikinsu, miR-222, raguwa yake yi, waccan ta ce ƙaruwa. Su ne ke haddasa ciwon, ko alama ce kawai? In kuwa suna aiki, me ya hana a daina gwajin shan ruwan sukari na mako 24 zuwa 28? Wanda kuma zai tsara ƙaramin bincike a kai, ina zai fi sa ido?

Dakta_Hormon:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A fara da abin da babu gardama a kansa. miRNA guntun zaren RNA ne mai haruffa kamar 22, ba a ƙera furotin da shi. Aikinsa ya manne a wutsiyar saƙon da ƙwayar gado ta aika a yi furotin, sai a lalata saƙon ko a rage karanta shi. Haruffa na 2 zuwa na 8 ne ke gane inda za a manne, kuma da yake gajeru ne, miRNA ɗaya kan taɓa saƙonni ɗaruruwa, kowanne kaɗan-kaɗan. Rage murya yake yi, ba kashe rediyo ba. A 1993 aka gano na farko a jikin wata 'yar tsutsa, aikin da ya kai Victor Ambros da Gary Ruvkun ga kyautar Nobel a 2024.

Shi ciki da kansa yana sa jiki ya daina jin insulin sosai, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini. Sinadaran da mabiyiya ke fitarwa kan rage jin nan da kusan rabi a watannin ƙarshe, don sukari ya wadaci jariri. A wajen yawancin mata, ƙwayoyin beta na fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, sukan ƙara shi su cike giɓin. Wadda nata suka kasa, ita ce sukarinta ke hawa.

miRNA na da hannu a ɓangarorin biyu. Mabiyiya na da nata na musamman, wani rukuni mai 46 a kuromosom na 19 da ake kira C19MC, kuma tana zuba su cikin jinin uwa a ƙunshe cikin 'yan ƙananan jakunkuna da ake kira ekzosom. A ɓangaren fankiriyas, wani aiki da aka yi a Lausanne a 2012 ya nuna miR-338-3p na raguwa a ɓerayen da ke da ciki, kuma raguwar tana taimaka wa ƙwayoyin beta su yawaita. Amma ki riƙe wannan: ɓera ba shi da C19MC, mutum da birai ne ke da shi. Ba duk abin da aka gani a ɓera ake kwasowa a ɗora wa mace ba.

Batun miR-222 kuwa, ba lalle ne saɓani ba. Binciken Nanjing na ƙasar Sin a 2011 ruwan jini ya auna a mako 16 zuwa 19, ya samu miR-222 da miR-29a da miR-132 sun ragu. Na 2014 kitsen cikin ciki ya auna, wanda aka yanko lokacin tiyatar haihuwa, ya samu miR-222 ya ƙaru yayin da GLUT4, ƙofar da sukari ke bi ya shiga kitse da tsoka, ya ragu. Wuri daban, lokaci daban. Na farko kafin cuta ta bayyana, na biyu bayan ta yi watanni ana fama da ita, watakila har an sauya abinci ko an ba da magani. Abin da aka auna ranar haihuwa ba zai faɗa miki wane ne sanadi, wane ne sakamako ba.

Ma'aikacin_Lab:

Dakta ya gama da jiki, ni bari in yi maganar kwalba, don rabin rikicin nan tun kafin jini ya kai na'ura ake haifar da shi.

Kada a ɗebi jini a kwalbar heparin, maganin hana jini daskarewa. Heparin na bin RNA har bayan an tace, ya hana PCR, hanyar da ake auna miRNA da ita, tafiya. Kwalbar EDTA ake so, wani maganin hana daskarewar. A raba ruwan jini da ƙwayoyinsa cikin awa biyu, a juya a na'ura sau biyu: na farko kamar 2,000 g (ma'aunin ƙarfin juyin) na minti 10, a kwashe na sama ba tare da taɓa farin layin tsakiya ba, sannan kamar 16,000 g na wasu minti 10. In aka tsallake na biyu, ƙwayoyin daskarar da jini za su rage a ciki, su fashe idan an daskarar an narkar, sai ki auna miR-223 ɗinsu kina zaton na mabiyiya ne. A kasa shi ƙanana-ƙanana a ajiye a sanyin −80°C, don kada a yi ta narkar da kwalba ɗaya.

Babban ɓarawo shi ne fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Cike suke da miR-451a da miR-16. Siririyar allura, ko jan sirinji da ƙarfi, ko girgiza kwalba, ya isa ya zubo su, alhali ruwan na nan rawaya fes, ido bai ga ja ba. Ana gane shi da auna hasken da samfurin ke sha a 414 nm, ko a ɗauki Cq (zagayen PCR da alama ke bayyana a kai) na miR-23a a cire na miR-451a. In tazarar ta wuce 7, samfurin abin zargi ne.

Ga abin dariya: wani bincike na 2015 ya sa miR-16 cikin alamomi biyar da suka ƙaru a masu ciwon, wasu kuma da shi suke daidaita sakamakonsu a matsayin wanda ba ya motsi. Wane ne zai yi tsammanin amsoshinsu su zo ɗaya?

Mai_neman_sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To da me za a daidaita, Malam? U6 nake yawan gani.

Ma'aikacin_Lab:

U6 ƙaramin RNA ne na cikin tsakiyar ƙwayar halitta, a nama yana da amfani, a ruwan jini kuwa ba shi da tabbas. A zuba cel-miR-39, miRNA na tsutsar nan, adadi ɗaya a kowane samfur bayan an sa ruwan da ke fasa furotin, ba kafin ba, in ba haka ba sinadaran jini su cinye shi. Amma shi ingancin tacewa kawai yake nunawa. Daidaitawa ta gaske sai da miRNA biyu ko uku da aka gwada aka ga ba sa motsi a samfuran naki, ko matsakaicin duk waɗanda aka auna.

Ungozoma_Babba:

'Yata, a ɗakin awo babu abin da ya sauya. Babu wata ƙa'idar kula da masu ciki da ta amince da miRNA a matsayin gwajin gano wannan ciwo. Gwajin shan ruwan sukari ake yi har yanzu: azumin dare na aƙalla awa 8, giram 75 na gulukos a ruwa, a shanye cikin minti 5. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2013: 5.1 kafin sha, 10.0 bayan awa ɗaya, 8.5 bayan awa biyu, duk a ma'aunin mmol/L. Ɗaya ya kai, an samu. Waɗannan lambobi daga binciken HAPO na 2008 aka ciro su, mata sama da 23,000, aka haɗa sukarinsu da girman jariri da yawan tiyata. Yawancin binciken miRNA mata 'yan gomomi ne, wani lokaci ma a haɗe jininsu wuri ɗaya a auna.

Mai tsara bincike ya kula da nasa ma'aunin gaskiyar. Jinin da aka bari a kan tebur, ƙwayoyinsa na cin sukari kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari duk awa, kuma fuloraid da ake sawa a kwalba don hana hakan ba ya tsayar da su nan take. Mace mai 5.2 sai ta koma 4.9, a rubuta ta cikin masu lafiya, ta ɓata rukunin da ake kwatantawa da shi. A sa kwalbar a ƙanƙara, a juya da wuri.

Sannan a daidaita masu ciwon da marasa shi a makon ciki, shekaru da ƙiba, don ƙiba kaɗai na sauya miRNA, kuma ruwan jini na ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 kafin ƙarshen ciki. Tambayar da za a yi wa sabuwar alama ba ita ce ko ta bambanta masu ciwo da marasa shi ba. A fara sa shekaru, nauyi, ciwon sukari a dangi, tarihin haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, da sukarin azumi na farkon ciki a lissafi, a ƙara miRNA a kai, a ga ko hasashen ya motsa. In ya motsa, a maimaita a wasu matan da ba su cikin rukunin farko.