Wai haramun ne ɗaukar bidiyo a bakin titi?

Mai Ɗinkin Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Asabar ina ɗaukar bidiyon ruwan da ya cika kwatar layinmu, don in tura wa masu unguwa su gani. Sai wani mai kaki ya ƙwace wayata, wai sai da izini, ya sa na goge a gabansa. Abin ya ci min rai, don yaranmu ke faɗawa kwatar nan. Doka ta ba shi wannan ikon?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Malam, an zalunce ka. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba ka 'yancin karɓar bayani da isar da shi, kuma titi na kowa ne. Inda za ka kiyaye shi ne barikin soja da sauran wuraren tsaro, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hotonsu ba izini. Kwata kuwa ina ruwanta da sirrin gwamnati?

Yaya Babba:
Gaskiya ne, amma ɗan'uwa ka lura da fuskokin mutane, musamman mata da yara. Ni an taɓa ɗaukata a kasuwa ban sani ba, sai ganin kaina na yi a TikTok, har yau ban huce ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ma ya kare sirrin mutum.

Mai Ɗinkin Fagge:
Wallahi Yaya ba kowa a ciki, ruwa ne kawai da shara. Gobe da safe zan sake ɗauka.