Jama'a, me za mu kira "seshon" na majalisa da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ina rubuta tarihin majalisar dokokin Kano ta 8, wadda ta yi daga 2015 zuwa 2019, kuma wallahi kalma ɗaya ta tsaya min a wuya kamar ƙaya. Turawa suna da kalma uku, sitin da seshon da asambili, mu kuma duk mun haɗa mun ce "zama". Zaman ranar Talata zama ne, na shekara guda zama ne, shekara huɗun ma wai zama ne, to mai karatu ya zai gane wanne nake nufi?

Ga inda abin ya kama ni. A Mayun 2019 majalisa ta 8 ƙarƙashin Kabiru Alhassan Rurum ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, kotu ta soke a Nuwamba, a Disamba kuma majalisa ta 9 ƙarƙashin Abdulaziz Garba Gafasa ta sake yin dokar. Shekara ɗaya, zaure ɗaya a sakatariyar Audu Baƙo, amma majalisa biyu ce daban. In na rubuta "a zaman 2019" ai na cuci mai karatu.

Da na nemi shawarar jama'a kan kalmar seshon, na farko da ya amso min wani abokina ne ɗan ƙwallo, ya ce a sa "kaka" kamar yadda ake cewa kakar wasa. Na ce masa abokina ka faɗa da ƙarfi ka ji, kakar majalisa. Ga kakakin majalisa a kujera ga kuma kakar majalisa, sai ka ce wata tsohuwa ce za ta shigo zauren da sanda tana neman jikokinta. Wannan kam ta faɗi tun ba a je ko'ina ba.

Wata 'yar uwa ta ce "shekarar majalisa". Gaskiya ba laifi, don seshon ɗin kusan shekara ne, daga Yuni zuwa Yuni, kuma tsarin mulkin 1999 da shekara ya auna, ya ce dole majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a cikinta. Abin da ya hana ni ɗauka, mutum na jin shekara sai ransa ya tafi Janairu, ko ma ya zaci maganar kasafin kuɗi ake.

Sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya rubuto min doguwar magana, ya ce ɗana me kake nema bayan ga "zango" a gabanka. Ya ce fatake in sun ɗauki hanyar Gwanja sayen goro ba a miƙe suke tafiya ba, a yi tafiya a yada zango a huta a tashi, tafiyar ɗaya ce, ayarin ɗaya ne, zanguna ne da yawa. Ga Zangon Barebari nan cikin gari, sunan bai ɓata ba. Na ce Baba Allah ya ƙara girma, amma fa 'yan siyasa sun riga mu, gwamna in ya yi tazarce cewa ake zango na biyu, kar a rikice. Ya ce ai wannan wa'adi ne, bakin 'yan jarida ne ya saba, kuma ɗalibi in ya ce zangon karatu wa ya taɓa zaton shekara huɗu yake nufi? Nan na yi shiru, don dai gaskiya ya faɗa.

To sai batun asambili. Wasu sun ce a kira shi wa'adi kawai. Ni ban yarda ba, saboda wa'adi lokaci ne, asambili kuma mutanen ne, waɗanda aka zaɓa aka rantsar tare. Kuma ba kowace majalisa ce ta cika wa'adinta ba, ta 1983 wata uku kacal ta yi soja suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba, ta 1992 ma Abacha ya sallame ta a Nuwamban 1993, amma duk da haka suna cikin lissafi, da su ne ƙirge ya kai ta 2023 ta zama ta 10. Mutanen ma ba ɗaya ba ne, ta 1979 zamanin Abubakar Rimi kujeru 138 gare ta don lokacin Jigawa tana cikin Kano, yanzu kuwa 40 ne, iyakar abin da tsarin mulki ya yarda kenan. Saboda haka "majalisa ta 8" ta wadatar, ba sai mun ƙirƙiro komai ba.

Na gwada a rubutuna kuma ya zauna daram: majalisa ta 8, wa'adinta shekara huɗu, zangonta huɗu, kowane zango da zamansa. Rurum ya sauka daga kujerar kakaki a Yulin 2017 farkon zango na uku, Yusuf Abdullahi Ata ya hau, aka tsige shi a zaman ƙarshen Yulin 2018, Rurum ya dawo. Karanta ka ji ko ka yi tuntuɓe.

Af, sashe na 97 na tsarin mulki ma ya ba majalisar jiha dama ta yi aikinta da harshen mutanen jihar bayan Turanci in ta amince da ƙuduri, don haka ba aikin banza muke ba.

Zango na ɗauka. Saura "ƙorum", wato kashi ɗaya cikin uku na mambobi, mutum 14 kenan a Kano kafin zama ya halatta. Wani ya ce nisabi kamar na zakka, ya burge ni amma sai na ji ta bakin malamai tukuna, kar a ce na taɓo abin da ba nawa ba.